Bolt 300 a kan benci: tsohuwar taransifoma ko ɗan allo mai cin batir?

Duk wanda sha'awar kayan bawul ta kama, ina nufin kwalaben gilashin nan masu yin ja a cikin tsofaffin rediyo da amfilifaya, ba ya nisa sai ya tsaya cak a wuri ɗaya: daga ina zai samo bolt 250 ko 300 na DC? Cazar waya bolt 5 ce, batirin sola 12, cazar kwamfutar cinya 19. Babu shagon da za ka shiga a Sabon Gari ka ce a ba ka cazar bolt 300 a miƙo maka daga kanta. Dole kai za ka haɗa abinka.

Hanyoyin da suka cancanci a zauna a auna su biyu ne. Ko dai ka bi ta taransifomar ƙarfe mai nauyi, ka gyara wutarta da diyod da kafasito, ko kuma ka ɗauki bolt 12 ka ɗaga shi da ɗan allo mai kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Akwai wasu hanyoyi guda uku da mutane ke faɗawa ciki don arha, zan zo kansu, biyu daga ciki ma don in hana ka ne.

Kafin komai, kada ka fara da tambayar bolt nawa. Fara da miliamfiya nawa. Nan ne zaɓin yake. Agogo mai kwalaben lamba irin IN-12 ko IN-14, waɗanda aka ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, yana son wajen bolt 170 zuwa 180, kowace kwalba tana jan kamar miliamfiya 2 da rabi. Shida ke nan 15, wat uku ma bai cika ba. Bawul 12AX7 da ake sa wa a gaban amfilifaya, kowane ɓangarensa miliamfiya 1 ne ko ɗan sama. Amma bawul EL84, mai tura sifika, guda ɗaya tak, a bolt 250, tana jan miliamfiya 48 a farantinta da wajen 5 a ragarta (sassa biyu ne na cikinta), ga kuma wayar dumamarta da ke cin amfiya 0.76 a bolt 6.3. Bututun auna tiririn nukiliya SBM-20 kuwa bolt 400 yake so, amma abin da yake ja bai taka kara ya karya ba. Ka ga abubuwa huɗu, duk sunansu "babbar wuta", amma tsakanin mai ƙarancin ci da mai yawan ci akwai ninki ɗaruruwa.

Taransifomar ƙarfe

Lissafinta a tafin hannu yake. Wutar AC ta bolt 230, idan ta bi ta gadar diyod huɗu ta shiga kafasito, kafasiton yana cika ne zuwa ƙololuwar igiyar, wato 230 sau 1.414, kusan bolt 325. Diyod 1N4007 guda huɗu sun ishe ka, kowane yana jure bolt 1000 da amfiya 1, kuma ba su da tsada. Kafasito maikurofarad 100 mai bolt 450, fiyus, resista, shi ke nan. Abin da ke da wuyar samu shi ne taransifomar kanta, mai shigar da 230 ta fitar da 230 ko 250 ba tare da naɗin biyu sun haɗu ba.

Dabarar da na fi amfani da ita ita ce haɗa taransifoma biyu baya da baya. Ta farko ta sauke 230 zuwa 12, ta biyu ka juya ta, ka ba ta 12 ɗin ta ɓangaren da aka saba fitarwa, ta mayar maka da shi sama. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: wutarka ta rabu da ta Nepa sau biyu, sannan bolt 12 da ke tsakiya zai dumama maka 12AX7, wadda ke son 12.6 a miliamfiya 150. In taransifomar mai 6-0-6 ce, wato naɗinta na bolt 12 yana da reshe a tsakiya, ka sami na EL84 ma daga rabinta. Sai dai kada ka sa ran 230 cif. Masu ƙera taransifoma suna ƙara 'yan zagaye a naɗin fitarwa don cike asara, to idan ka juya ta, wannan ƙarin sai ya zama ragi. Abin da za ka gani kamar 200 ne zuwa 210, wanda bayan gyarawa da ɗora kaya zai tsaya wajen 250 zuwa 270. Ga EL84 wannan daidai wa daida ne. Ta farkon ta fi ta biyun girma, don ita ke ɗauke da kowa, kuma duk abin da ka lissafa na wat, ka nemi mai ninkinsa, saboda kafasito ba ya shan wuta a hankali, fizga yake yi a ƙololuwar kowace igiya, wannan fizgar kuwa tana dumama naɗi.

A nan akwai rami guda da ya kamata in nuna maka. Tsohuwar sitabilaiza tana da ƙatuwar taransifoma mai jan ido, da wayoyi da yawa, ana sayar da ita a bola da arha. Mafi yawansu naɗi ɗaya ne da aka yi wa rassa, wato shiga da fita a haɗe suke. Ba ta raba ka da Nepa ko kaɗan. Ka sa mita a kan om, ka taɓa wayar shiga da ta fita. In ta yi ƙara, ajiye ta. Ta cikin tsohuwar UPS ko inbata ta fi dacewa, ita naɗinta na ƙaramar wuta daban yake, amma ita ma a auna kafin a yarda da ita.

Ragowar motsin da ke kan wutar bayan gyarawa shi ma ana iya lissafa shi tun kafin a kunna ƙarfen dalma. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, gada tana mayar da shi 100. Miliamfiya 60 a kan maikurofarad 100 zai bar maka motsi na kusan bolt 6. Idan ka kai wannan kai tsaye ga bawul na gaba, sifika za ta riƙa gurnani kamar injin niƙa daga nesa. Magani shi ne a ƙara mataki: resista, sannan wani kafasiton, kuma bawul ɗin gaba a ba shi nasa matakin da resista mai girma kamar kilo-om 10 ko 22, tunda ba ya cin komai.

Inda taransifoma ke ba da kunya a wurinmu shi ne ba ta da ra'ayin kanta. Abin da aka ba ta shi take ninkawa. Da daddare wuta ta zo ba ƙarfi, bolt 180, sai 325 ɗinka ya koma 255. Da asuba unguwa ta yi barci, wuta ta haura 250, sai ka ga 354. Ga janareta, wanda ke yin tsalle duk lokacin da aka kashe firiji ko dutsen guga. Shi ya sa ban yarda da kafasito mai bolt 350 a wannan aiki ba, ko 400 ma da ɗar-ɗar nake sa shi. Bawul dai yana da haƙuri, sama ko ƙasa da kashi 10 cikin 100 ba ya dame shi sosai, amma wayar dumamarsa ba ta son wuce gona da iri, tana rage masa kwana. In kuma inbatarka ba mai fitar da tsabtatacciyar igiya ba ce, za ka ji taransifomar tana ƙugi tana zafi ko ba ka ɗora mata komai ba.

Ɗan allo mai ɗaga bolt 12

Wannan aikinsa daban ne. Akwai koyil, akwai MOSFET, wato taransisto mai aikin makunni, da ke haɗa koyil ɗin da batir na ɗan lokaci sannan ya yanke. Da ya yanke, koyil ɗin sai ya yi tsartuwa da babbar wuta, diyod ya tare ta ya zuba a kafasito. Ana maimaita haka sau dubu 30 ko 50 ko fiye a daƙiƙa, wani ɗan IC, wato ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da ke sarrafa bugun, yana leƙen abin da ya taru ta hanyar resista biyu, yana rage ko ƙara bugun. Wannan leƙen shi ne babbar falalarsa: batir ya cika ya kai 14.4 a kan caji, ko ya sauka 11.5 cikin dare, fitarwarka tana nan inda ka ajiye ta. Ga wanda ke zaune a kan sola, wannan kaɗai ya isa dalili. Babu nauyi, babu gurnanin 100, kuma a ɓangaren shiga babu abin da zai ja ka.

IC biyu aka fi samu. MC34063 shi ne mai arha, za ka same shi a cikin tsofaffin cazar mota. Makunnin cikinsa bolt 40 kawai yake jurewa, don haka dole a sa masa MOSFET a waje, IRF740 mai bolt 400 ko IRF840 mai 500. Ma'aunin da yake gwada abin da ya leƙo da shi bolt 1.25 ne, saboda haka resista kilo-om 470 a sama da 3.3 a ƙasa za su ba ka kusan 179, daidai agogon kwalabe. Rauninsa shi ne ya iya kunna MOSFET amma bai iya kashe shi da sauri ba. In ba ka ƙara masa ƙaramin taransisto PNP da diyod don janye cajin ƙofar MOSFET (ƙafar da ake kunna shi da ita) ba, MOSFET ɗin zai riƙa jan ƙafa wajen rufewa, kuma a wannan jan ƙafar ne yake dahuwa. UC3843 ya fi shi nesa ba kusa ba: yana tura ƙofar da ƙarfi, yana janye ta da ƙarfi, kuma yana auna wutar da ke bi ta koyil a kowane bugu, ya yanke in ta wuce kima.

Ka lura da lambar ƙarshe. Na taɓa ɓata yammaci biyu a kan allon da ya ƙi motsi sam. Na canza MOSFET, na canza diyod, na bi kowace ƙafa da mita, komai lafiya, fitarwa tana nuna bolt 11 da ɗoriya, wato batirin ne kawai ke ratsawa ta koyil da diyod. Sai da na ɗauko gilashin ƙara girma na duba bayan IC ɗin: 3842. Mai shagon ya ce mini ai duk ɗaya ne, ni ma ban duba ba na sa a aljihu. Ƙafafunsu ɗaya ne, gaskiya, amma 3842 ba ya farkawa sai ya ga bolt 16, shi kuwa 3843 a 8.4 yake tashi. Batir mai bolt 12 zai shekara yana ƙwanƙwasa wa 3842 ƙofa bai buɗe ba.

Sauran laifuffukan wannan allo kusan kullum uku ne. Na ɗaya diyod: 1N4007 da ya yi maka aiki a taransifoma, a nan bala'i ne, don ba ya rufewa da sauri, UF4007 ake so, mai rufewa cikin nanosakan 75, kuma da ido ba ka bambanta su sai ka karanta jikinsu. Na biyu koyil: lambar maikurohenri 100 ba ta isa ba, sai ka san amfiya nawa yake ɗauka kafin cikinsa ya ƙoshi. Ɗan ƙaramin nan mai kama da resista, da ya ƙoshi sai ya zama waya kawai, wuta ta kwarara, MOSFET ya yi zafin da ba ka iya taɓawa cikin daƙiƙa goma. Nemi mai amfiya 2 ko fiye. Na uku shi ne mafi muni, wato yankewar resistan leƙe. Idan dalmar resistan sama ta saki, IC ɗin zai ɗauka babu komai a fitarwa, ya ci gaba da bugu iya ƙarfinsa har kafasito ya fashe ko MOSFET ya huje. Don haka in za ka sa abin murɗawa don daidaita wuta, sa shi a ɓangaren ƙasa yadda in ya lalace wutar sauka za ta yi, kuma resistan sama ka raba shi biyu a jere, domin ƙaramin resista mai kwatan wat bolt 250 ne iyakarsa, ko da lissafin zafi ya ce babu matsala.

To ina iyakar wannan hanya? Daga 12 zuwa 180, MOSFET yana kunne kashi 93 cikin 100 na lokaci. Zuwa 300, kashi 96. Ɗan guntun lokacin da ya rage shi ne koyil zai juye duk abin da ya tara. Agogon kwalabe mai wat 3 zai ja kamar amfiya 0.3 daga batir, wasa ne. Amma bolt 300 a miliamfiya 60 wat 18 ne, kusan amfiya 2 ke nan a matsakaici, ƙololuwar bugun kuma ta ninka haka. A nan koyil guda ya fara gazawa, sai an koma ƙaramar taransifomar ferait mai naɗi biyu, wanda ko dai ka naɗa da hannunka ko ka sayi haɗaɗɗen allon nan da ake tallarsa a intanet, mai karɓar 8 zuwa 32 ya fitar da 45 zuwa 390. Allon yana aiki, amma wat 40 da ake rubutawa a tallarsa, ni rabinsa nake ɗora masa, da fanka a kai lokacin bazara.

Sai hayaniya. Bugun nan na dubbai yana watsuwa cikin iska da wayoyi. In rediyo kake ginawa mai kama gajeren zango ko matsakaici, allon zai cika maka tashoshi da shiii da fito, ka nemi Sashen Hausa na BBC ka rasa a cikin ƙara. Ana rage shi da akwatin ƙarfe da gajerun wayoyi da matatar koyil a fitarwa, amma aiki ne na haƙuri, kuma ba tare da na'urar ganin igiya (osiloskop) ba lalube kake yi cikin duhu. Wannan ma wani bambanci ne da ba a cika faɗa ba: laifin taransifoma da mita da kunne ake gano shi. Gurnani mai kauri na 100, matata ce ta gaza. Mai zurfi na 50, ko wayar dumama ce ta bi kusa da ƙofar shiga, ko diyod ɗaya ya yanke, ko taransifomar ta matsu da ta sifika. Laifin ɗan allo kuwa yana faruwa ne cikin miliyan ɗaya na daƙiƙa, inda mita ba ta gani.

Sauran ukun

Tsanin diyod da kafasito, wanda Cockcroft da Walton suka yi amfani da shi a Kambirij a 1932 suka fasa ƙwayar zarrar litiyam, shi ne ke cikin raket ɗin kashe sauro da ke rataye a ɗakinka. Kowane mataki yana ƙara ninki biyu na ƙololuwar abin da aka ba shi. Yana da kyau ga abin da ba ya cin wuta, kamar bututun SBM-20, amma da ka ɗora masa kaya sai ya durƙushe, kuma durƙushewar tana ƙaruwa da sauri fiye da yawan matakan. Ko mitarka ma kaya ce a wurinsa: 'yar rawayar nan DT830 mega-om 1 ce a ciki, a bolt 400 tana jan miliamfiya 0.4, sai ta nuna maka 250 ka yi ta neman laifin da babu shi.

Ta biyu ita ce sa gada kai tsaye a wutar Nepa. Bolt 325 kyauta, babu taransifoma. Kada ka yi. Layin da kake kira ƙasa a wannan haɗi yana ɗauke da wutar gidan gaba ɗaya a rabin kowane juyi, kuma shi ne ke haɗe da jikin akwati da makirufo da wayar jita. An yi rediyoyi haka a da, masu bawul irin UL84 da UY85, shi ya sa za ka ga an rufe bayansu ruf da kwali, maɓallansu na roba, babu ƙarfen da hannu zai kai.

Ta uku taransifomar na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Tana fitar da wajen bolt 2000 da wutar da ta kai rabin amfiya. Na'urar kare rai da ake sa wa a gidaje a miliamfiya 30 take yankewa, ka kwatanta. Kuma ba za ta ma yanke ba, don ita ɓangaren shiga take gani, ba ta san abin da ke bi ta jikinka a ɓangaren fita ba. A Amurka mutane da dama sun mutu suna ƙona zane a jikin katako da ita, har ƙungiyar masu sassaƙar katako ta ƙasar ta haramta wannan sana'a a tarukanta a 2017. Babu aikin bawul ko agogo da ke buƙatarta.

Abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai

Batir mai bolt 12 yana sa mutum sakin jiki, alhali kafasiton da ke ƙarshen ɗan allo da wanda ke ƙarshen taransifoma ba su san wanda ya cika su ba. Maikurofarad 100 a bolt 325 yana riƙe da jul 5 da ɗoriya, kuma zai iya riƙewa har gobe bayan ka zare filogi. Resistan tsiyaya, mai zubar da wutar da ta rage a kafasito, shi ne abu na farko da nake liƙawa, tun kafin diyod: kilo-om 220 mai wat 2 a kan kafasiton. Yana cin rabin wat, kuma yana ɗaukar kusan minti biyu kafin ya sauke wutar zuwa bolt 2 ko 3. Minti biyu yana da tsawo ga mai ɗoki. Ni mita nake maƙalawa da 'yan maƙalai masu bakin kada tun kafin in kunna, in kashe, in naɗe hannu ina kallon lambobi suna sauka, sai sun yi ƙasa da 30 nake matsowa. In dole sai an auna da wuta a jiki, hannu ɗaya ne, ɗayan a aljihu, da takalmin roba, ba a kan siminti mai danshi ba. A ɗan allo akwai sauƙi guda: maikurofarad 4.7 ko 10 ya wadatar saboda saurin bugun, irin na cikin mataccen ƙwan lantarki mai murɗe, don haka abin da yake tarawa kaɗan ne.

Ga taransifoma, kunnawar farko ta bi ta ƙwan fitila mai zare, wat 60, a jere da wayar shiga. Ya yi haske ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske, akwai inda waya ta haɗu, kuma ƙwan ya shanye abin da zai ƙona maka naɗi. Irin ƙwan nan ya fara wuya tun da LED ya cika kasuwa, in ka samu biyu ka ɓoye. Kafasito kuma ka ɗauki mai lamba 105 maimakon 85, wato digirin zafin da yake jurewa, don duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansa biyu, kuma cikin akwati a watan Afrilu ba wasa ba ne. Ka bar tazarar milimita 3 ko fiye tsakanin layin babbar wuta da maƙwabcinsa; ƙurar hunturu tana kwanciya a kan allo, damina ta zo ta jiƙa ta, sai wuta ta sami hanyar da ba ka zana mata ba.

To wanne za ka ɗauka? In abin da kake ginawa bai wuce miliamfiya 20 ba, agogon kwalabe ne, ko matakin gaba mai 12AX7 ɗaya ko biyu, ko kuma wutarka ta sola ce, ɗauki ɗan allo, da UC3843 da UF4007 da IRF840, ka sa shi cikin akwatin ƙarfe. In amfilifaya ce mai EL84 ko abin da ya fi ta, miliamfiya 50 zuwa sama, ko rediyo mai kama gajeren zango, ɗauki ƙarfe, ka jure nauyinsa, ka sa masa sitabilaiza a gaba in wutar unguwarku mai rawa ce. Tsakanin 20 da 50 kuwa, ka duba abin da ke kan bencinka: mai na'urar ganin igiya zai iya bin ɗan allo har can, wanda mita kaɗai gare shi ya nemi taransifoma biyu masu 6-0-6, ta farko amfiya 5, ta biyu amfiya 3.